Akwati na Goma Sha Biyu

Shekara arba'in da ɗaya muna tare da Gerlof, ko kuɗin takalmin da na saya ban taɓa ɓoye masa ba. Na fara da wannan ne don kada a ɗauke ni macen da ta saba da ƙumbiya-ƙumbiya. Amma a bara, tsakanin Afrilu da Mayu, na sace wa mijina akwati har sau uku, ido buɗe, ba wanda ya sa ni.

Daga bayan coci abin ya faro. Cocin ƙauyenmu a kan tudu yake, kaburbura sun kewaye shi, sai ta arewa aka bar wani ɗan fili ƙarƙashin manyan itatuwa inda ba a binne kowa. A nan furen tulif na daji yake fitowa, ruwan ɗorawa, siriri, kansa a sunkuye sai rana ta buɗe shi. Ba wanda ya san wanda ya shuka shi. Tsohuwa Saakje, wadda ta bar mini kula da wurin da gwiwoyinta suka gaza, ta ce ita ma haka ta tarar. Shekarar da na karɓa fure tara na ƙirga. Bayan shekara ashirin da shida na ƙirga ɗari da arba'in da biyu.

Kula da shi ba wani aikin ƙarfi ba ne, yawancinsa hana mutane ne. Albasar furen tana cikin ƙasa, ganyen ne yake ciyar da ita. In fure ya kaɗe sai a bar ganyen ya yi ta shan rana har ya bushe don kansa, sati shida ko fiye. In aka yanke shi ko aka tattake kafin lokacin, to albasar ta shiga shekara da yunwa, baɗi ganye ɗaya za ta fitar ba fure, wata ma ba za ta sake tashi ba. Shi ya sa duk shekara sai mun kwasa da Lolke mai kula da coci, mutumin da in ya ga ciyawa ta kai idon sawu hannunsa yake fara ƙaiƙayi. Ya san ƙa'idata, injinsa na yankan ciyawa ba ya shiga arewacin coci sai tsakiyar Yuni.

Gerlof kuwa safiyo ne. Shekara talatin da shida ya yi a hukumar ruwa yana auna ganuwar da ke tare mana teku. Wata takwas da ajiye aiki, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi a bakin famfon kicin. Ƙafa ta dawo, baki ya dawo, hannun hagu ne kawai ya rage da rawa. Amma likita ya faɗi wata magana a gabansa wadda na so a ce ni kaɗai ya gaya wa, wai irin wannan ciwo wani lokaci yakan taɓa tunani daga baya, a riƙa lura. Gerlof ya ɗauki maganar nan ya zauna da ita a kujerar bakin taga, shekara guda cur. Ba jarida, ba wasan kati na ranar Laraba, in na ce mu taka zuwa gada sai ya ce gadar ta san inda yake. Ina kallon mijina yana ƙarewa a zaune, na rasa yadda zan yi.

'Yarmu Marrit ce ta zo da wasan a hutun Kirsimeti. Mutane suna ɓoye ƙananan akwatuna a daji da gefen hanya, su sa lambobin wurin a intanet, wasu su bi da waya su nemo. Wanda ya samu ya rubuta sunansa a ɗan littafin da ke ciki, ya mayar yadda ya tarar, in ya koma gida ya rubuta a shafin cewa ya samu ko bai samu ba. Gerlof ya ce manya da gemu suna wasan ɓuya, lallai duniya ta lalace.

Marrit, wadda take kiran babanta Heit, ni kuma Mem, ta ce, "Heit, akwai guda kusa da tsohon injin niƙa, mutum bakwai sun kasa samunsa."

Ya ce a ba shi lambobin ya gani. Washegari ya tambaye ni inda na ajiye masa takalmi.

Kafin ƙarshen Fabrairu ya samo arba'in da wani abu, har ya fara raina na mutane. Wannan an ɓoye shi da ganganci, wancan mai shi bai san awo ba. Sai ya ce zai yi nasa. Akwati goma sha biyu, a kan hanya mai kilomita biyar da ta zagaye ƙauye, kowanne da sunan furen da ke fitowa kusa da shi idan sanyi ya fara janyewa. Ni na zauna ina gaya masa abin da zai rubuta a kan kowane fure, wanda yake son inuwa, wanda ake raba albasarsa tun ganye na ɗanye, yana bugawa da yatsa ɗaya yana musu da ni a kan abin da bai sani ba. Ya ƙara cin abinci. Ya koma yi mini tsiya a kan gahawata, wai ruwan wanke tukunya nake ba shi. Ban taɓa jin daɗin tsiya irin na watan nan ba.

Na goma sha biyun a bayan coci ya sa shi, cikin wani rami a gindin katanga, kusa da famfon da ake ɗiban ruwan ban furannin kaburbura. Lolke ya ba da izini. Gerlof ya sa masa suna Furen Hiske, sunana ke nan, bai kuma gaya mini ba sai da na gani a shafi.

Na ce, "Ka haukace."

"Shekara ashirin da shida kina rarrafe a wurin nan, yarinya, ba mai gani sai Lolke da matattu. Bari mutane su zo su gani."

Ina wurin ranar da ya auna. Ya fito da tsohuwar na'urarsa ta wurin aiki, ya tsaya jikin katanga ƙarƙashin itatuwa. Duk wadda ta zauna da safiyo ta san ba a yin awo sau ɗaya, balle a gindin dogon gini inda na'ura take ruɗewa. A da sai ya auna yau, ya dawo gobe, ya sake dawowa jibi, sannan ya yarda. Ranar nan iska tana yanka kunne, mun riga mun yi tafiyar kilomita biyar, leɓensa ya yi shuɗi. Ya duba sau ɗaya ya rubuta. Na gani, na ce mu tafi gida ka sha miya.

Mutane kuwa suka zo. Ranar Asabar ta Ista na hau tudu da kwandona, na tarar da mutum biyar a tsakiyar filin tulif. Ba mai kallon ƙasa. Kowa ya kafa ido a waya, taku biyu gaba, uku baya, yana juyawa a kan dunduniya. Wani mai jar riga har ya durƙusa yana yaye ganye da hannu.

"Kai mai jar riga! Ɗaga ƙafarka!"

"Yi haƙuri, Mama, waya ta ce saura mita ɗaya."

"Wayar ce za ta sake shuka mini su? Ka san abin da kake tsaye a kai?"

Ya duba ƙasa. "Ba ciyawa ba ce?"

"Ciyawar da ta girmi kakanka. Akwatinku yana can jikin katanga, ku fita mini."

"Kash, Mama, kin ɓata mana wasan," in ji matar da ke tare da shi. "Ai ba a faɗa."

Da suka tafi na auna da ƙafa. Daga ramin katanga zuwa inda wayoyinsu suke kai su taku goma sha ɗaya ne, wajen mita takwas, kuma daidai inda furen ya fi kauri. Lokacin ya yi kai bai buɗe ba. Na tsince karyayyu goma sha tara na zuba a kwando, ina tsinta ina zagin da ba zan maimaita ba tunda a harabar coci na yi shi.

Na kafa turaku na ja igiya, suka tsallake. Na rubuta allo, suka karanta, suka ga waya ta ce gaba, suka bi waya. Lolke ya jingina da injinsa yana dariya.

"Hiske, shekara nawa kina hana ni, ga shi mijinki ya kawo miki masu yanka kyauta."

"Ka ji da kaburburanka."

"Ni dai na ce, da ni ne na taka guda ɗaya da tuni ina gaban kwamitin coci."

Da yamma na dafa wa Gerlof dankali da kifi, abin da ya fi so, na bari ya ci ya ƙoshi.

"Gerlof, lambobin na sha biyu sun ɗan kauce."

"Wa ya ce?"

"Mutane a tsakiyar fure suke ƙarewa. Har biyu sun rubuta a shafi."

"Na gani. Wayoyin banza ne, na kallon hoton kyanwa. Ni da na'urar hukuma na auna."

"Sau ɗaya ka auna."

Ya ajiye cokali. "Shekara talatin da shida, Hiske. Akwai ganuwar da na auna ta karkace? Akwai gidan da ruwa ya ci saboda ni?"

"Ba wanda ya ce haka."

"To me ake cewa?" Hannun hagun ya fara rawa, ya danne shi da na dama a kan tebur. Ya yi ƙasa da murya. "Ko ke ma kin fara ganin kan ya taɓu ne? In kin gani ki faɗa mini."

Na kalle shi, na kalli kujerar bakin taga a bayansa. Tsoro ya kama ni, tsoron in faɗi kalma ɗaya ya koma ya zauna. Na ce, "Haba tsoho, wayoyinsu ne. Ƙara kifi."

Kwana biyu ina juya abin a raina. Na san ƙa'idar wasan tunda da ita ake karyawa a gidan kullum: in mutum uku a jere suka rubuta ba su samu ba, mai akwati yakan dakatar da shi a shafi, mutane su daina zuwa har ya duba. Ni wata biyu kawai nake nema. Na ce a raina in akwatin ya ɓace zai dakatar, ya yi 'yan kwanaki yana zagin yaran sababbin gidaje, ya ji da sauran sha ɗayan, in ganye ya bushe sai in ce na tsinto shi a cikin shinge. Ba wanda aka ce wa ya yi kuskure. A lokacin har gani nake na yi wayo.

Ranar Talata na zura hannu a ramin na ɗauke shi, na sa a kwando ƙarƙashin safar hannu, na kai ɗakin ajiyar kayan lambuna na tura bayan buhun taki.

Abu biyu ban lissafa ba. Na farko, wanda ya zo neman akwatin da yake nan, in ya gaji da zagaye a cikin fure yakan matsa gefe, ya samu, ya tafi. Wanda ya zo neman wanda babu kuwa ba ya tafiya. Sai ya yi awa guda yana tattakawa, ya kira abokinsa a waya, ya dawo ya sake farawa daga tsakiya. A kwana huɗu aka yi mini ɓarnar da ta fi ta Ista. Na biyu, na manta wa nake aure. Gerlof bai dakatar da komai ba. Ya zagi yaran sababbin gidaje kamar yadda na zata, har da iyayensu, ranar Asabar kuwa ya riga ya haɗa wani, sabon littafi, sabon fensir, ya sa ni rakiya muka kai. Wannan karon bayan bututun ruwan sama ya cusa shi, taku biyu daga ramin farko. Ya ce taku biyu ba ya buƙatar sabon awo.

Da ni mai hankali ce da a nan na tsaya. Amma furen ya fara buɗewa, na ƙirga na samu sittin da ɗaya inda nake sa ran ɗari da hamsin. Raina ya ɓaci, ni kuwa in raina ya ɓaci ba na jin kira. Ranar Litinin na ɗauke na biyun. Ina saukowa daga tudu na ci karo da Lolke yana tura baro.

"Kwandonki ya yi nauyi yau, Hiske."

"Ciyawa ce."

"Ciyawa mai ƙara in an girgiza." Ya ci gaba da turin baronsa. "Ni ban ga komai ba. Ba na shiga tsakanin mutum da matarsa."

Wannan karon Gerlof bai zagi kowa ba. Ya je ya tsaya a gaban bututun ya daɗe. Ya tambayi Lolke ko ya ga yara, Lolke ya kawar da kai ya ce rabon yaro da tudun nan tun da aka daina raba alewa ranar Lahadi. Muna hanyar gida ya ce, "Bayan bututu muka sa, ko?" Na ce e, bayan bututu. Ya ce, "Yauwa, na ce dai." Tambayar nan kaɗai ta isa ta tsayar da ni, ba ta tsayar da ni ba.

Na ukun shi kaɗai ya yi. Ya shafa masa fenti ruwan toka irin na katanga. Ranar Alhamis da safe ina shanya a bayan gida, na hango shi ta shinge ya fita da shi a hammata. Bai gaya mini ba, bai kuma rubuta komai a shafi ba, so yake ya ga ko ɓarawon zai iya ganowa. To ni na san harabar nan fiye da kicin ɗina. Da rana na hau, ban yi minti goma ba na ga inda aka ɗaga yaɗon da ke bin katanga, ganyensa ya juyo da baya sama. Akwatin yana ƙarƙashi, an ɗora masa dutse. Na ɗauke. Sannan na yi abin da hannuna ya saba yi duk inda na taɓa ƙasa. Na mayar da dutsen mazauninsa na asali inda gansakuka ta nuna, na cike gurbin, na shimfiɗa yaɗon na juya kowane ganye daidai, na watsa busassun ganyaye a kai. Ban yi da wata manufa ba, ko kuma dai haka nake gaya wa kaina. Da na gama, ko ni ba zan ce an taɓa wurin ba.

Washegari Juma'a ya tafi ya duba. Ya dawo bai cire riga ba, ya tsaya a ƙofar kicin.

"Hiske, jiya da safe kin ga na fita?"

"Ai kullum kana fita."

"Da akwati. Mai ruwan toka. Kin ga na fita da shi?"

Ina yanka albasa, na gode wa Allah da na ba shi baya. In na ce na gani, tambaya ta gaba ita ce wa kuma ya sani. Na ce, "Ban lura ba."

"Amma kin ga ina shafa fenti."

"Kullum kana gareji kana shafe-shafe, ni ina zan sani?"

Ya ce to. Ya shiga ɗaki, na ji yana buga kwamfuta. Da yamma na duba shafin, an ja layi a kan Furen Hiske, an dakatar.

Ba zan yi ƙarya a nan ba, na ji daɗi. Tudu ya yi tsit. Fure arba'in da uku suka tsira, na zauna a gefensu da rana sun buɗe, ƙamshi yana tashi. Na bi na sassauta ƙasar da aka danne da ɗan ƙaramin cokalin lambu, a hankali don kada in soki albasa, na tallafi ganyen da ya karye rabi, na barbaɗa ruɓaɓɓen ganye inda ƙasa ta fito fili. Na ce saura sati shida, in ganye ya bushe zan gyara komai.

A gida kuwa abubuwa suka fara canzawa, ƙanana-ƙanana. Ya kashe murhu ya koma ya duba, ya sake komawa. Ya kulle ƙofa, ya kai bakin hanya, ya dawo ya murɗa. Ya tambaye ni yau wace rana, in na faɗa sai in ga ya leƙa jarida ya tabbatar. Ya daina tsiyar gahawa. Yana fita, amma ba ya nisa, in ya dawo kuma sai ya zayyana mini duk inda ya bi, gida-gida, ba don in ji ba, don ya ji kansa yana faɗa. Lolke ya tare ni wata rana ya ce ya ga Gerlof a jikin katanga yana shafa duwatsu ɗaya bayan ɗaya, ya fi awa. Bai yi dariya ba ranar. Na ce masa ya ji da kaburburansa.

Cikin sati na uku Marrit ta kira ni daga birnin Ljouwert.

"Mem, me ke damun Heit?"

"Me kika gani?"

"Ya kira ni a wurin aiki, wai in nemo masa likitan da ke gwajin mantuwa, kuma kada in gaya miki don kada hankalinki ya tashi. Mem, abin ya fara ne? Ki gaya mini gaskiya."

"Ba abin da ya fara. Kin san babanki da sa abu a rai."

"Muryarsa fa rawa take yi. Ni ban taɓa jin sa haka ba."

Na ce zan yi masa magana. Na ajiye wayar na fita lambu, na tsaya a ƙofar ɗakin ajiya, har na kama mariƙin. Sai na tuna in na faɗa yau, gobe zai mayar da akwatin don ya huce, ga dogon hutun ƙarshen mako yana tafe, ga ganye ko rawaya bai fara yi ba. Na ce bari a ƙara kwana goma, kwana goma ba za su kashe kowa ba. Wannan shi ne abin da har yau in na tuna nake jin kunyar kaina, fiye da satar.

Ba a kai kwana goman ba. Ranar Laraba na dawo daga cefane wajen sha ɗaya na safe, na ga kekensa a jingine a ƙofa, taya duk laka. A kan teburin kicin akwatuna ne a jere, ɗaya zuwa sha ɗaya, kowanne da jiƙaƙƙiyar ƙasa a gindinsa. Yana zaune a gabansu da rigar ruwa a jikinsa.

"Me ye haka?"

"Na je na kwaso su."

"Don me? Mutane suna son su, ko jiya wasu daga Jamus sun rubuta..."

"Na kwaso su tun ina iya tuna inda suke. Kada in bar wa mutane shara a daji." A hankali yake magana, kamar mai karanto awo. "Zauna, yarinya, akwai maganar da za mu yi. Ranar sha huɗu ga wata zan ga likita. Na duba gareji, gwangwanin fentin yana nan a buɗe, ke nan na shafa. Amma wurin da na tuna na sa shi, ba a taɓa ɗaga dutsen nan ba, Hiske, da idon aiki na duba. Ke nan abin da ban yi ba nake tunawa. Ban san inda na kai shi ba. Na biyun ma yanzu ban tabbata ba. Gara mu shirya tun da sauran lokaci. Mota zan daina tuƙawa. Takardun gida kuma..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Na saki jakar cefane a ƙasa na fita, na janye buhun taki, na rungumo su ukun. Na dawo na jera su a ƙarshen layi, na farko, na biyu, da mai ruwan toka. Sannan na zauna.

Ya daɗe yana kallonsu. Ya jawo mai ruwan tokar ya buɗe, ya ga littafin ba rubutu, ya rufe.

"A ina?"

"Ƙarƙashin yaɗo. An ɗora dutse."

"Dutse mai fasasshen gefe."

"Shi."

"Ke nan na sa."

"Ka sa. Fitarka ma na gani, ina shanya. Ni na gyara wurin."

Daga nan bakina ya ɓalle, na faɗi komai, mita takwas ɗin, da masu tsallake igiya, da tsoron da na ji ranar da muka ci kifi. Na ce kanka lafiya lau, Gerlof, awo ɗaya ne kawai ya kauce, sanyi ake yi ranar, kowa zai iya. Ina magana ina kuka, ina jira ya daki tebur. Da ya yi ihu da na samu sauƙi.

Bai yi ba. Ya ce, "Mita takwas. Da rana ɗaya na gyara."

"Na sani."

"Kusan wata guda kina kallona ina komawa duba murhu."



Ya zura hannun dama a aljihun rigarsa ta ciki, ya fito da wata 'yar takarda an ninke ta huɗu, gefenta ya yi laushi don yawan buɗewa. Ya warware ta a kan tebur ya turo mini. Rubutunsa ne, manyan baƙaƙe irin wanda yake yi a kan taswira. Sunan titinmu da lambar gida. Marrit, 'yata, da lambar wayarta. A can sama, an ja layi biyu a ƙarƙashi: Hiske, matata. Ka yarda da duk abin da ta ce.

"Tun ranar Juma'ar nan nake yawo da ita," ya ce.

Ya tashi, ya sauko da na'urarsa daga kan kabad, ya ɗauki mai ruwan tokar ya sa a hammata. Na miƙe zan ɗauko rigata in bi shi.

"A'a, zauna. Na san hanya."

Takardar ya bar mini a kan tebur.